Hazo a Gilashin Taga

"Kar ka goge," in ji Mama. Ta riƙe mini hannu kafin tsumman ya taɓa gilashin tagar.

Matar maƙwabcinmu ce, Baba mai guga. Bango ɗaya ya raba ɗakinsu da namu. Tun da na gama sakandare nake zaman banza, shi ya sa ni ake kira in ƙirjinsa ya toshe. In ɗaga shi zaune, in jona butar lantarki, in bar ta tana huci a gefen gado ya shaƙi tururin. Asibiti sun riga sun sallame shi, irin sallamar da ba a cewa a dawo ran kaza.

Ranar an tashi da hazo, irin na bayan ruwan sama. Ko shagon da ke tsallaken titi ba a gani. Mama ta ce masa Auta, 'yarsu, ta kamo hanya, hazo ne ya tsayar da motarsu. Ni kuwa ina baranda lokacin da ta kira ta, kuma wayar Mama ba ta da sirri. "Shi ya ce kar in ƙara taka masa gida," in ji Auta, ta kashe. Shekarun baya ne suka yi faɗan, kan aikin da ta tafi yi wani gari ba da yardarsa ba.

Da hantsi hazon ya watse, rana ta fito tarwai. Amma tururin buta ya lulluɓe gilashin ta ciki, ya yi fari fat. Daga kan gado ba ka ganin komai. Abin da Mama take karewa ke nan.

"Ɗan boko," in ji Baba. Haka yake kirana. "Hazon nan, me suka koya muku a kansa? Yaushe yake tashi?"

"Girgije ne da ya sauko ƙasa, Baba. Ɗige-ɗigen ruwa ne ƙanana, ba su da nauyin faɗuwa. In rana ta yi zafi sai su bi iska."

"To ranar fa?"

"Ba ta fito ba tukuna."

Mama ta ƙara ruwa a buta, ta ɗauki waya ta fita. Ya bi ta da ido har ta ja ƙofa.

"Ƙaryarka duk ta yamutse," ya ce. "Tana son guga."

Ya ɗaga yatsa da ƙyar, ya nuna tagar. Wani ɗigo ya yi nauyi ya gangaro, ya bar siririn layi a bayansa. Ta wannan layin ne rana ta shigo, ta kwanta a kan bargonsa.

"A cikin tururi na tsufa. Hazon waje ba ya zuba ta cikin ɗaki."

"In goge?"

"Bar mata. Tun safe take dafa shi."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Na tallafe bayansa har ya lafa. Ƙasusuwansa kamar na tsuntsu.

"Auta ta ce ba za ta zo ba, ko?"

Na kalli butar.

"Ni na ce kar ta zo," ya ce. "Yarinya ce mai jin magana."

Mama ta dawo, idonta jawur, muryarta garau. "Sun ce motoci sun fara motsi."

"Madalla. Ki ce wa direban ya bi a hankali, ba sauri ake ba."

"Zan faɗa masa."

"Ki miƙo min farar rigata. Kar ta same ni haka."

Muka sa masa tare, ni hannun dama, ita na hagu. Ya shafa wuyan rigar, ya ce wanda ya goge ta bai iya ba. Mama ta ce ai shi ya goge ta da kansa, kafin ya kwanta. Ya ce to a lokacin ma ba shi da lafiya.

Bai ƙara magana ba. Kafin rana ta take tsaka ya cika, fuskarsa na kallon tagar.

Mama ta rufe masa ido. Ta daɗe a zaune, sannan ta miƙa hannu ta zare wayar butar daga bango. Hucin ya mutu. Ɗige-ɗigen suka riƙa haɗuwa suna gangarowa, shagon tsallake ya fito, sai itacen bakin titi, sai titin kansa. Wata motar haya ta rage gudu a ƙofar gidan, ta sauke wani mutum da buhu, ta wuce.