Sojan Obadiya

Talabijin ɗin ta rabu gida huɗu, kowane gida da sojansa riƙe da bindiga. A kan benci kuwa magidanta huɗu ne zaune, biyu sun fara furfura, suna ta faɗa a kan wani soja da babu shi a duniya.

Hannatu, wadda kowa ke kira Maman Alheri, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Wata huɗu ke nan da rasuwar mijinta Markus. Ya bar mata wannan shagon wasan gem na talabijin a bayan wata masaƙa a Sharaɗa, da janareto mai tari, da waɗannan mutane da ke cika mata kunne kullum kafin su shiga aikin yamma.

"Maman Alheri, zo ki raba mu," in ji Isyaku, ma'aikacin majema daga Challawa. Ya dangwarar da fad ɗinsa, abin da ake riƙewa ana dannawa. "Sau tara a jere yana kashe ni. Mutumin da ba ka gani, ta ina za ka harbe shi?"

"Ka harbi iska, ko Allah zai sa ka dace," in ji Obadiya, bai ko waiwayo ba.

Ita ba ta san kan wasan ba, amma ta san tushen rigimar. A cikin sojojin akwai ɗaya da suke kira Mai Layar Zana. Da an taɓa wani maɓalli sai ya ɓace, ya zagayo ta bayan mutum. Markus ya haramta wa kowa ɗaukarsa, ban da Obadiya, abokinsa tun daga Zonkwa, wanda injin masaƙa ya cinye wa yatsu biyu na hannun dama, su ne kuma yatsun harbi. Da can ko da sojan ma cinye shi ake yi. Amma tun da aka sallame shi daga aiki yake yini a shagon, har hannun ya goge.

"Dokar maigidana ce," ta ce.

"Allah ya ji ƙan Oga Markus, amma da ya kafa dokar, wannan bawan Allah bai zama aljani ba," in ji Lawan, direban babbar mota. "Ko a hana kowa, ko a bar wa kowa. In ba haka ba, akwai shago a Zawaciki."

"To ku tafi mana. Ni na haife ku?"

Ta faɗa ne kawai. Ba ta son su tafi, amma ta fi tsoron Obadiya ya daina zuwa. Shi kaɗai ne ke zama bayan an watse ya ba ta labarin Markus, shi ma kuma ba shi da wani wurin zuwa da safe in ya fito daga gida.

Isyaku bai bari ba. Ya ce yatsa biyu ba wani abu ba ne, shi ko da yatsa uku zai yi abin da ya fi haka in an ba shi sojan. Nan ranta ya ɓaci. Ta jawo durowa, ta ɗauko baƙin salatif ɗin da ake naɗe waya da shi, ta cafke hannunsa, ta lanƙwashe yatsu biyu ta naɗe su tam.

"Ga shi nan. Duk mai son sojan, haka zai yi. Kun huta, na huta."

Ta zaci zai ji kunya. Da farko kam ya sha kashi, fad ɗin har zamewa yake yi, su Lawan suna ta sheƙa dariya. A zagaye na biyar ya gano yadda zai harba da ɗan yatsan zobe. Ya ɓace, ya kashe Lawan, ya kashe na kusa da shi, ya miƙe tsaye yana taka rawa.

Washegari su uku suka shigo da hannuwa a naɗe tun daga gida. Lawan ma har da farin bandeji.

"Me zan gani haka? Asibiti na buɗe?"

"Dokarki ce, Maman Alheri. Mu masu biyayya ne."

Duk suka ɗauki Mai Layar Zana. Ta leƙa talabijin, gida huɗu, babu mutum ko ɗaya, sai bango da harsashi yana yawo. Awa guda ana ƙona mata fetur, ba wanda ya ga wani. Isyaku ya fara ƙorafin cewa ɗaurin Lawan ya yi sako-sako, a zo a duba. Ta ce in ta duba kada Allah ya ba ta lafiya.

Jiniyar masaƙa ta yi kuka, saura kwata aikin yamma. Suka miƙe a gurguje, kowa ya sa haƙori yana ɓamɓare salatif. Lawan ya warware bandejinsa, ya miƙe yatsunsa biyar, ya lanƙwasa su suka yi ƙara.

"Wash. Wallahi da an ƙara minti goma, da hannun nan ya mutu."

Sai ya ga Obadiya ya zuba wa yatsun nan biyar ido, ya sauke hannun. Suka fice ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi sallama.

Obadiya ya naɗe wayar fad ɗinsa a hankali, ya ajiye a kan benci.

"Baban Dauda, zauna mana, na ɗora shinkafa," ta ce wa Obadiya. "Gobe zan soke dokar. Shirme ne na yi."

"A'a, ki bar ta. Ai yanzu an yi adalci."

Ya fita. Ta bi shi har bakin kwata tana cewa ya zo da wuri gobe, janareton yana son a duba shi. Bai juyo ba. Hannun nan mai yatsa uku kawai ya ɗaga mata, ya tsallaka titi tsakanin manyan motoci.