Barau Ya Kai Saƙon Janyewarsa

A damunar 1957, saura kwana tara a zaɓi shugaban reshen jam'iyya na Minna, sakataren reshen, Maiwada, ya yi sallama a zauren Malam Barau a Tudun Wada, riƙe da takarda. Barau tsohon ma'aikacin reluwe ne, shekara ashirin da biyu yana gyaran kan jirgi. A zauren nan aka kafa reshen, kuma kowa ya san shi za a tsayar.

"Daga Kaduna take," in ji Maiwada, kansa a sunkuye. "Sun ce a tsayar da Mika'ilu. Wai yanzu sai mai Turanci, wanda zai iya magana gaban Di'o, Baturen mulki."

Mika'ilu akawu ne a wani kantin Turawa, mutum mai ladabi. Barau ne ma ya yankar masa katin jam'iyya.

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Da saura?"

"Da saura, Malam. Jama'a ba za su yarda da takarda ba. Sai sun ji daga bakinka."

Haka Barau ya hau tsohon kekensa. Ya je wurin mahauta, ya je wurin leburorin tasha, ya kai har rugagen Gidan Kwano. Ko'ina magana ɗaya yake maimaitawa, cewa shi ya janye da kansa, a haɗa kai a bi Mika'ilu. Wasu su ce an sayar da shi bai sani ba. Kafin kwana na uku ya daina jin abin da bakinsa ke faɗa.

Rana ta huɗu ya nufi Garatu. An kwana ana ruwa, rabin hanya tura keken ya yi cikin taɓo, gwiwarsa ta hagu tana zogi. Ya sami Shekwolo, dattijon manoman wurin, a gonar doya. Shi ne ya tara masa mutum arba'in, kowa ya yi alkawarin zaɓensa.

Shekwolo ya saurara har ƙarshe, ya dogara da fartanya, ya yi magana da gurguwar Hausarsa.

"Barau, lokacin gada ya karye, kai ya zo. Wannan Mika'ilu, ni ba san fuskansa ba."

"Jam'iyya ɗaya ce. In muka rabu, abokan hamayya ne za su ci."

"Ba shi na tambaya ba. Kai, zuciyanka ya yarda?"

Barau ya jingine keken, ya zauna kan wani kututture. Tun da aka fara yawon nan babu wanda ya yi masa wannan tambaya.

"Ban sani ba, Shekwolo. Na dai gaji. In na ƙi, abin da muka gina shekara shida zai watse a hannuna. In na yarda, kamar na yi muku ƙarya ne."

Shekwolo ya miƙa masa goran ruwa, ya jira har ya sha.

"Ni zai zo, don ka taka taɓo ka zo da kanka. Sauran, ba ni iya ɗaure su."

Ranar zaɓe mutum goma sha ɗaya suka zo daga Garatu. Mahauta suka ɓalle, suka tsayar da nasu mai suna Kudu. Aka sa Barau ya hau benci ya ɗaga hannun Mika'ilu, aka yi tafi sama-sama. Da ƙyar Mika'ilu ya ci.

Bayan la'asar sabon shugaban ya iske Barau a gida, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na gode. Wallahi ban nemi wannan abu ba."

"Na sani."

"Sai dai mahauta sun ce za su bar jam'iyya. Ni ba za su saurare ni ba. Ko gobe za ka daure ka leƙa su?"

Barau ya dube shi, ya ga shi ma idonsa ya faɗa. Daga ciki matarsa Jummai ta ɗaga murya ta ce ruwan gashin ƙafa yana hucewa.

"Jibi," Barau ya ce, yana dafa bango ya miƙe. "Kuma tare za mu je. Ka zo da wuri, kafin su fara yanka."