Aron Lambu

Takalmin Alhaji Nata'ala ne ya fara taka albasar. Baƙin sau-ciki mai tsini, sai ƙyalli yake yi, ya sauka daidai cikin fangalin da Mero ta shayar da sassafe, ganye uku suka kwanta. Ta bi sawun da ido. Baƙo ne, kuma Alhaji ne, ga sabuwar mota Fijo ya ajiye a ƙofar gida.

"Masha Allah! Malam Rabo, ashe gaskiya aka gaya mani," in ji Alhaji yana waige-waige. "Daga Faskari har Ƙanƙara na zaga, ban ga lambu irin na gidanka ba."

Rabo, mijin Mero, ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya ce an gode.

Lambun fa ba wani babba ba ne. Ɗan kango ne a jikin gidansu a nan Sheme, an kewaye shi da dangar kara, ga tsohuwar rijiya a kusurwa. Shekara bakwai Mero tana jibga masa kashin awaki da tokar murhu da sharar tsakar gida, har jar ƙasar wurin ta koma baƙa wuluk. Tumatir ya yi nauyi sai da aka tokare shi da itace, tattasai ya fara ja, ga alayyahu, ga yakuwa, ga albasa ta soma kai.

Shekarun nan ne da aka ce ƙasa ta yi arzikin mai. Mu dai a rediyo muke jin arzikin, sai kuma a kasuwa, inda tun da aka raba wa ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji mudun gero ya tashi daga sule biyu ya tasam ma biyar, ya ƙi saukowa. Samari suka watsar da fartanya suka nufi Kaduna leburanci. Bilya, babban ɗan Mero, yana cikinsu, shekara biyu ko wasiƙa. Rabo kuwa ya bi masu aikin hanya wajen Sabuwa, kwalbati ya faɗo masa a ƙafa, ya dawo da sanda. Rabin gonar aka noma bara. Duk Juma'a Mero takan leƙa rumbu, ta kuma san abin da ke ciki ba zai wuce farkon bazara ba. Daga nan har sabon gero ya nuna, ita da mijinta da ƙananan 'ya'yansu uku, lambun nan ne zai riƙe su: ta tsinka ta kai kasuwa, ta auno hatsi. In babu shi, babu.

Tattali kuwa, ba a koya wa Mero. Tsinken ashana takan tsaga shi biyu da reza. Daddawa ɗaya miya huɗu take yi. Ruwa ba ya zuba ƙasa a gidanta sai ya yi aiki uku: a wanke tsaba, a ɗauraye kwanuka, sannan ya tafi gindin tattasai. Matan unguwa har tsokanarta suke yi, wai ko hayaƙin murhunta da za a iya tarawa da ta tara.

"To, Malam Rabo, ba zan ɓoye maka ba," in ji Alhaji. "Aro na zo."

"Aron mi, Alhaji?"

"Lambun."

Kowa a garin ya san zancen. Da aka tashi kiran kowa ya koma noma, Alhaji Nata'ala ne ya sami kwangilar yin lambun gwaji a bakin titi, wai don talakawa su gani su koya. Ya kafa waya, ya kafa allo da rubutun boko, ya sayi mota. Abin da ke cikin wayar sai tsakuwa da ƙadangaru. Ga shi jibi manya za su zo daga Kaduna su buɗe lambu.

"Kwana ɗaya tak," ya ce. "A tone, a kai, a dasa, baƙi su gani su tafi, a maido maku abinku."

Mero ba ta san lokacin da magana ta fito mata ba. "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri, ai tumatir ba tabarma ba ne da za a naɗe a kai gidan biki a maido. Wanda ya ɗauki 'ya'ya, in aka taɓa saiwarshi ya mutu ke nan."

Alhaji ya yi dariya, bai ko dube ta ba. "Da ƙasarshi za a ɗauke shi, ba zai ma san ya yi tafiya ba. Malam Rabo, kai ne maigidan ko?" Ya zaro sabuwar takardar naira goma ya danna masa a hannu, ya rage murya. "Na goro ne. Aikin gwamnati ne fa. Ba na so a ce a gidanka aka ƙi."

Da ƙarar motar ta yi nisa, Mero ta juyo. "Malam, ka sayar da mu."

"Aro ne, Mero. Ba ki ji ba?"

"Na ji. Kai ma ka san ƙarya ce. Manomi ne kai."

"To mi kike so in ce mashi?"

"Ka ce a'a."

"Da wace ƙafar zan tsaya in ce mashi a'a?"

Ya juya mata baya yana murza takardar. Rabon da kuɗi su shigo gidan ta hannunsa tun kafin kwalbatin nan, kuma ta san abin yana cinsa kullum in ta ajiye masa tuwo. Haushi ya kama ta, tausayi ya kama ta, ta rasa wanda za ta bi, sai ta ɗauki guga ta nufi rijiya.

* * *

Washegari da hantsi tifa ta iso da lebura shida. Suka kwantar da dangar gaba ɗaya don mota ta sami hanya.

Mero ta yi ta bin su tana roƙo. "Don Allah ku bari in jiƙa shi tukuna. Ku nisanta shebur daga gindin. Wannan ku tallabe shi, 'ya'ya gare shi!" Wa zai saurare ta? Jinga aka ba su, so suke su gama su karɓi nasu. Shebur ya riƙa shiga, tana jin ƙarar saiwa tana tsinkewa, ɗanyen tumatir yana zuba ana takewa.

Da suka gama da shukar sai ta ga sun ci gaba da haƙa.

"Kai, bayin Allah, ina kuma za ku da ƙasar?"

"Alhaji ya ce a kwaso duka, Inna," in ji babbansu. "Can wurin marmara ce, baƙi za su gane."

Sawu biyu tifar ta yi. Kafin azahar babu abin da ya rage a kangon sai rami ja, da rijiya, da ganyen albasa da taya ta markaɗe. Mero ta durƙusa ta tsince tumatirin da bai fashe ba, ya cika ƙwarya ɗaya da kyar.

* * *

Ranar buɗe lambu gari ya cika. Makaɗa, 'yan makaranta da tutoci, kujeru a ƙarƙashin rumfa. Mero ta yafa gyale ta kutsa cikin mata har ta kai jikin waya.

Wayyo Allah. Ta gane su ɗaya bayan ɗaya. Ga tumatirin da ke kusa da rijiya, ga tattasan da akuya ta taɓa ci ya sake tohowa. Duk sun sunkuyar da kai. An ɗaure kowanne a jikin kara don kada ya kwanta, ana ta yayyafa musu ruwa a ganye don su yi sheƙi. Inda 'ya'ya suka zube kuwa, an sayo jajayen tumatir a kasuwa an ɗaura da baƙin zare. Har a jikin tattasai wani mai wayo ya ɗaura guda biyu.

Sai bayan azahar motocin suka iso. Babban baƙon ya fito, doguwar riga har ƙasa, Alhaji Nata'ala yana gefensa yana nuni da hannu. Baƙon bai shiga ciki sosai ba, saboda laka. Ya tsaya a fangalin farko, ya kama tumatir ɗaya, mai hoto ya ɗauka, aka yi tafi.

Sannan ya karɓi lasifika. Ya yaba wa Alhaji, ya ce ga ɗan kishin ƙasa. Ya ce abin kunya ne ƙasa mai albarka irin tamu a ce ana kukan tsadar cefane. Ya juyo wajen mata ya ce su daina zaman banza, kowace ta dubi wannan lambu ta koya, ta je ta yi irinsa a gidanta, ta rage wa mijinta nauyi. Aka yi guɗa.

Wani ma'aikaci ya bi layi yana raba takardu masu zanen tumatir, an ce yadda ake lambu a gida ne aka rubuta a ciki. Ya miƙa wa Mero ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu, don haka aka koya mata karɓar abu daga manya. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige, ba don kunya ba, don baƙin ciki. Duka-duka manyan ba su yi rabin sa'a ba suka koma motocinsu.

* * *

Da gari ya waye ta ɗauki tulu ta tafi. An sa wa ƙofar wayar kwaɗo, Malam Gide maigadi yana zaune a kan benci. Tare suka taso da Rabo.

"Ina kwana, Malam Gide. Na zo ɗaukar kayana. In ma tifar ba ta zo ba, buɗe mani in ba su ruwa, wasu za su tashi."

Ya sunkuyar da kai. "Mero, ba ni da iko."

"Kamar yaya? Aro aka ce."

"An rubuta shi a takarda, an ɗauki hoto, an tafi da shi Kaduna. Kayan gwamnati ne yanzu. Ko ganye ɗaya ya fita, ni za a kama."

"To ina Alhajin?"

"Tun jiya ya bi baƙi. An ce wata kwangilar ya samu."

"Malam Gide, ruwa kawai. Ka tsaya a kaina in zuba in fito."

"Mabuɗin ma ba ya hannuna. Ki yi mani rai, ni ma abincin 'ya'yana ke nan."

Ta zagaya ta jikin waya ta riƙa watsa ruwan da ƙoƙo. Layin farko kawai yake kaiwa. Kwana huɗu tana zuwa da tulu, safe da yamma, tana kallon na ciki suna komawa ruwan ƙasa, jajayen tumatirin nan na kasuwa suna ruɓewa a jikin zarensu. A rana ta biyar ta roƙi ko ƙasar ce a bar ta ta ɗiba, ƙwarya goma ta ishe ta fara wani. Malam Gide ya ce ita ma ƙasar tana cikin hoton. Daga baya awaki suka sami kafa ta ƙarƙashin waya suka cinye abin da ya saura. Su ba su san gwamnati ba.

* * *

Ta gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Ta tara ɗan kashin awakin da ta samu, ta yafa irin alayyahu a cikin jan ramin. Amma zafin bazara ya riga ya sauka, rijiya ta ja baya sai an ƙara igiya, abin da ya tsiro kwana uku ya ƙone. Nairar nan goma ta tafi a awo cikin mako uku. Aka sayar da akuya. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, kunun ma ana ganin gindin kwano. Rabo ya daina fita zaure. In ta miƙa masa nasa sai ya ce ya ƙoshi, a ba yara.

Ranar da ta share rumbu da tsintsiya ba ta sami cikin tafi ba, a ranar ne hadarin farko ya haɗu a gabas. Iska ta kawo ƙanshin ruwa. Ta bayan katanga ana jin maƙwabta suna fito da sungumi, wani yana cewa in ya sauka yau gobe sai shuka.

Auta ta gaji da kuka ta kwanta a bakin ƙofa tana tsotsar yatsa. Mero ta daɗe tsaye tana kallonta. Sannan ta shiga ɗaki, ta taka gado, ta kwanto ɗan damin da ke rataye a rufin ɗakin, zangarniyar da Rabo ya zaɓa da hannunsa a kakar bara, manya-manya, aka ajiye don shuka. Ta kakkarya ta a turmi.

Bugun taɓarya na uku Rabo ya fito yana dogara sanda.

"Mero, wane gero ne wannan?"

Ta ci gaba da sussuka.

"Mero, irin ne?"

"Shi ne, Malam."

Ya tsaya. Ta jira ya yi faɗa, ta ma so ya yi. Bai yi ba. Ya lallaba ya zauna a ƙasa kusa da turmin, ya miƙe ƙafar. Tana sussuka tsaba tana tsalle tana faɗuwa, shi kuma yana bi yana tsincewa ɗaya-ɗaya, yana hure musu ƙasa, har suka ɗan taru a tafin hannunsa. Ya kama bakin rigarsa zai ƙulle su a ciki.

Aka yi tsawa a gabas. Auta ta farka ta soma wani kukan. Rabo ya dubi hannunsa, ya saki bakin rigar, ya miƙa hannu ya juye su cikin turmin.