Langa a Kayan Sallah

Dakta Abdulƙadir ya daɗe yana bincike a kan abu ɗaya, wato yaron da ya yi guje-guje da safe kafin shiga aji ya fi riƙe karatu. Masana a ƙasashen waje suna ambaton sunansa a rubuce-rubucensu, har ɗalibai a can suna ɗora nasu binciken a kan nasa. A gida kuwa makaranta ɗaya ce ta yarda ta gwada, firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanbatta, inda nake taya shi aiki.

Sai Hajiya Aina'u, wata babba a ofishin ilimi a Kano, ta ce ta gaji da karanta rahoto, za ta zo ta gani da idonta. In ta gamsu, wasan safe zai shiga duk makarantun yankin. In ba ta gamsu ba, har namu za a soke.

Dakta ya je ya shaida wa mai unguwa cewa babbar baƙuwa na tafe. Mai unguwa ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya wa gari.

Kullum yaran nan kan cika filin da ke tsakanin makaranta da gonakin gyaɗa, maza na langa, mata na tsallen igiya, sai an kore su suke shiga aji. Ranar da Hajiya ta iso, muka tarar da su a jere, an yi musu wanka, an shafe su da mai, an sa musu kwalli. Kowa cikin kayan Sallarsa, shadda ta sha sitaci. Ga shi an yi ruwa jiya, filin duk taɓo.

Dakta ya hura usur. Ba wanda ya motsa.

"Masha Allah, yara masu natsuwa," in ji Hajiya. "Yaushe za a fara?"

"Yanzu, Hajiya. Suna ɗan shiryawa ne."

Ya sake hurawa. Wata yarinya mai suna Sadiya ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta dubi takalminta, ta mayar a hankali. Dakta ya durƙusa ya tambaye ta lafiya.

"Innata ta ce in na ɓata rigar nan, in wuce gidan kakata kawai."

Iyayen mata suna tsaye a gindin ɗorawa suna gadi da ido. A gabansu Inna Falta ce, tsohuwar da rabin yaran jikokinta ne. Dakta ya nufe ta, na bi bayansa.

"Inna, ki taimake ni, ki ce su yi wasa."

"A gaban baƙuwa? Ta koma Kano ta ce 'ya'yanmu ba su san wanka ba?"

"Ai wasan ta zo gani."

"Da girmanta, ta ƙona mai tun daga Kano don kallon langa? Malam Dakta, ka dai ji tsoron Allah."

Ya shiga yi mata bayanin yadda gudu ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ya ce har Turawa sun yarda da maganarsa.

"To, Turawan ne za su wanke kayan?"

Hajiya ta duba agogonta. Direbanta ya riga ya juya kan mota. Dakta ya dubi Inna Falta.

"Ni zan wanke."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Har guga?"

"Har guga, Inna."

Ta juyo gare ni. "Khaulat, kin dai ji." Na sunkuyar da kai na ce na ji.

Inna Falta ta tafa hannu sau ɗaya. "To, ku je."

Takalma aka fara watsarwa. Kafin Dakta ya lalubo usur, fili ya hargitse. Sadiya ce ta fara faɗawa taɓo, ta tashi tana dariya, innarta ta dafe kai. Wani ɗan langa ya zo wucewa ya fantsama wa Hajiya laka a mayafi. Ta dubi mayafin, ta dubi yaron.

Da aka shiga aji ta zauna a baya, ta ce malami ya ba ta alli. Ita da kanta ta ba su lissafi. Hannuwa suka tashi, duk laka har gwiwar hannu, kowa na "Ni, Hajiya, ni." Ta daɗe tana yi musu tambayoyi.

A bakin mota ta ce, "Na amince, Dakta. Amma in zan je sauran makarantun, kada ka sanar da kowa. Hannunka ba zai kai ba."

Da hantsi washegari Dakta ya zauna a bakin rijiya, ya naɗe hannun riga, tsibin kaya a gabansa. Ina ja masa ruwa, mata sun kewaye shi suna ba shi shawara. Can Inna Falta ta ɗauki wata 'yar shadda daga cikin waɗanda ya shanya, ta ɗaga ta a rana, ta mayar masa cikin baho.

"Wuyan bai fita ba, Malam Dakta."