Matakala Bakwai

Shekara uku ke nan Baba Tela bai fita ƙofar gida don ra'ayin kansa ba. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi 'ya'yansa suka kawo masa keken guragu, amma tsakanin ƙofarsu da titi akwai matakala bakwai. Sai ranar asibiti ake tara maƙwabta su ciccibe shi, shi kuwa ya runtse ido don kunya.

Wata Laraba matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta leƙo ta ga wata budurwa durƙushe tana auna matakalar, fensir maƙale a kunne.

"'Yata, wani abu ne ya faɗi?"

"A'a, Inna. Mu ɗaliban kwalejin fasaha ne. Muna zagaya unguwa muna duba inda masu keke ba sa iya wucewa. In kun yarda, ran Asabar za mu zo mu yi wa Baba gangarar da kekensa zai bi."

"Wa ya aiko ku?"

"Ba kowa. Ai mu ma nan muke kwana muke tashi."

Inna ta ce to, irin ta sallamar baƙo. Ta sha ganin masu biro da takarda, su rubuta su tafi.

Asabar da hantsi ta ji hayaniya. Tana buɗe ƙofa ta dafe ƙirji. Sun fi talatin, maza da mata, wasu da shebur, wasu na turo baro cike da tsakuwa. Har da wata 'yar gayu mai dogon farce, ɗauke da kwanon yashi a ka tana ta tsiya da masu kwaɓa siminti. Budurwar nan kuwa, wadda suke tsokana da Injiniya, ita ke juya su.

Da aka gama kafa katako, Injiniya ta sa aka shimfiɗa falanki, ta zaunar da wani ƙaton ɗalibi a keken, ta ce Inna ta gwada turawa sama. Inna ta yi nishi, keke ya ƙi motsi.

"Hawan ya yi tsaye da yawa. A ɓalle," in ji Injiniya.

"Haba! Aikin awa uku fa!" in ji wani ɗalibi.

"In Inna ba za ta iya ita kaɗai ba, ba mu yi komai ba."

Suka ɓalle. Inna ta tsaya baki buɗe tana kallon 'ya'yan mutane, waɗanda ko sunansu ba ta sani ba, suna sake aiki daga farko cikin rana saboda gwiwoyinta. Sai ta yi ta zarya da ruwan sha.

Mako guda, kullum da safe ɗayansu zai biyo da bokiti ya jiƙa simintin kafin ya wuce aji.

Ranar da ya bushe, Baba Tela ya sa aka ciro masa rigar da ya ɗinka da hannunsa. Inna ta riƙe keken, suka gangara a hankali har tayoyi suka taɓa titi. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Ashe bishiyar nan ta yi haka?" ya ce da harshensa mai nauyi.

Inna ta goge ido da bayan hannu. "Malam, ina muka nufa?"

"Ke dai tura."