Damin Iri

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, ɗana Uwaisu ya ɗora wa jakunanmu gyaɗa ya tafi can. Ya dawo Limawa da sulallan Nasara cike da burgami. Da ya zazzage su a kan tabarma, uwarsa Laraba ta ja da baya kamar ta ga maciji. Ni kuwa tunda nake ban taɓa riƙe abin da ya wuce wuri ba.

Na ce, "Uwaisu, mu cika rumbu da gero tukuna."

Ya yi dariya. "Baba, gero ai yana kasuwa, ba gudu zai yi ba."

Ya koma, ya ƙara samowa, har ya kai ga sayen gyaɗar mutane tun daga Ringim yana kaiwa. Riguna suka taru, da rawani ɗan Kura mai walƙiya. Ɗan'inna makaɗi ya yi masa take na kansa: "Uwaisu mai azurfa, kai ka kashe wa wuri kasuwa!" Ina gona in jiyo kalangu, sai in san sulalla ne ke zuba a ƙasa.

Da damina ta zo, ya ce gonarmu duka gyaɗa za a shuka. Na yi magana har bakina ya gaji, ƙannensa suka bi shi. Abin da na iya tsirarwa dami ɗaya ne na geron iri, na rataye shi a rufin ɗakina, na ce kada wanda ya taɓa.

Ruwa ya ɗauke tun gyaɗa ba ta yi 'ya'ya ba. Gero ya ɓace a kasuwa, mai shi ko sulai ba ya dubawa. Rigunan suka tafi a banza, jakuna suka bi su. Ɗan'inna ya koma Kano da kalangunsa. Muka ci tafasa, muka ci dusa, muka kai ga haƙa gidan tururuwa don neman hatsi.

Wata safiya Uwaisu ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, wuyansa kamar sillen kara. 'Yarsa Zinariya tana kwance a bayan uwarta, ta daina ko kuka.

Ya ce, "Baba, a sauke damin nan."

"In mun cinye iri, me za mu shuka?"

"In ba mu ci ba, wa zai shuka?"

Laraba tana tsaye da ƙwarya a hannu. Ta ce, "Malam, ka dubi yarinyar nan."

Na dube ta. Na taka turmi na kwance igiyar da hannuna, na miƙa wa Laraba.

Ina zaune a zaure ina jin sussuka, sai iska ta juya. Na leƙa waje, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, maƙwabta sun fara fito da sungumi. Nawa yana jingine a bango, ban tashi ba.