Yadda Littafin Yaya Ya Ce

Tun da Yaya ya sauka daga kujerar darakta, ciwon rubuta littafi ya kama shi. Cikin shekara huɗu ya fitar da uku, kuma kowanne ya fito sai ya aiko direba ya kawo wa ƙanwarsa Auta kwafi ɗaya har shagonta na ɗinki, da sa hannunsa ɓaro-ɓaro a shafin farko kamar mai amincewa da takardar hutu.

Auta kuwa mai karatu ce ta gaske. Tana ajiye littafi a gefen keke, in ta gama haɗa hannun riga ta karanta shafi biyu, da jan allin tela a hannunta tana ja wa duk abin da ya tsaya mata a rai layi.

Na farko tarihin rayuwarsa ne. Ta bi shafi ɗari biyu tana neman kanta, ta samu sau ɗaya tak: "Mu biyar ne a wurin mahaifiyarmu." To, tana cikin biyar ɗin. Ta yi dariyarta, ta cusa littafin ƙarƙashin ƙafar teburin yanka da ke rawa, ya kuwa zauna daram.

Na biyu na koya wa matasa hawa matakan aiki ne. A ciki ya rubuta cewa mai son ci gaba kada ya bari hidimar gida ta riƙe masa ƙafa. Auta ta ja layi, ta rubuta a gefe: "Gaskiya ne, in kana da ƙanwa."

Na uku shi ne ya ɗauke mata dariya. Sunansa Shekara Bakwai a Gefen Gadon Mahaifiyata, wai jagora ga masu jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

Shekara bakwai ɗin gaskiya ce, gadon ma gaskiya ne. Amma wadda ta zauna a gefensa Auta ce. Ita ta garƙame shagonta, masu kawo mata ɗinki suka watse. Ita ta yi wanka da wanki da ɗura abinci da cokali, ta juya Inna dare da rana har kafaɗarta ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama. Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya: shekara bakwai Inna na kwance, ko ƙwarzane bai taɓa fitowa a bayanta ba. Yaya kuwa ƙarshen wata yake zuwa, ya tsaya bakin ƙofa yana ƙamshin turare, ya ce, "Inna, ya jiki?" sannan ya duba agogo. Bayan rasuwa ya roƙi littattafan makaranta guda tara da Auta take rubuta lokutan magani da abinci a ciki, ya ce zai ajiye don tunawa. Ashe ga tunawar.

A shafi na arba'in da ɗaya ta sami kanta. "Saboda yawan ayyukan ofis, mun ɗauki wata mai aiki tana taimaka mini da wanki da share-share." A shafin ƙarshe kuma, wai Inna ta cika kanta na kan cinyarsa, tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ranar yana wurin taro, wayarsa a kashe. Sai da aka rufe mata fuska ya iso.

Auta ta kira shi sau ɗaya.

"Haba Auta," in ji shi, "ai salon rubutu ne. Masu karatu ba sa son a cika musu sunaye."

Ta kashe wayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata ƙungiya ma har lambar yabo ta ba shi, ya rataye hoton a falo. Ita kuwa ta karanta littafin sau uku har ta kusa haddace shi, kuma duk karantawa sai haushinta ya ƙaru. Ba ta yafe ba, ba ta kuma yi niyyar yafewa ba.

Shekara ta zagayo, ran nan da hantsi matar Yaya ta kira tana kuka. Ciwon Inna ne ya kama shi, ɓarin dama. An yi mako biyu a asibiti an sallamo su. Bakinsa ya ɗan karkace amma yana magana, kai, har faɗa yake yi, don nas ɗin da aka ɗauko kwana biyu ta yi ta tattara jakarta. 'Ya'yansa suna nesa, matar kuma ciwon baya ba ya barinta ta ɗaga ko bokiti.

"Auta, ki taimake mu. Ke kika san kan abin nan."

"Ni, Anti? Me na sani? Amma ina da littafi. Gobe ina tafe."

Ta iso da ƙaramar jaka da littafin a hannu, duk ya yi ja da alli. Yaya na kwance a ɗakin ƙasa, ya rame, gemu ya fito fari-fari. Da ya gan ta ya saki ajiyar zuciya, irin ta wanda ya san wahalarsa ta ƙare.

"Sannu Yaya," ta ce, ta ajiye littafin a kan durowa inda zai riƙa ganinsa. "Ka kwantar da hankalinka. Ba zan yi maka komai da ka ba. Duk abin da gwani ya rubuta, shi za mu bi."

Abin da ya sa ta faɗi haka, Yaya bai tsaya ga kwafar littattafanta ba. Inda ya ga giɓi sai ya cike da hikimar ofis.

Da rana ta kawo masa abinci fari fat, ba gishiri, ba mai, ba komai. Ya tauna ya yamutse fuska.

"Mene ne wannan?"

"Shafi na ashirin da biyu. Ɗanɗano ba ya cikin buƙatun majinyaci."

Ya ce a kunna masa rediyo. Shafi na talatin ya hana, wai hayaniya na ruɗa ƙwaƙwalwa. Abokansa biyu suka zo gaisuwa, ta tare su a falo, ta nuna musu hoton lambar yabo, ta karanta musu inda aka ce baƙi na gajiyar da marar lafiya, suka juya suna yaba ilimin Darakta. In ya kira ta, sai ta zauna a kujerar bakin ƙofa inda yake hango ta, ta duba agogo, minti goma cif, domin shafi na talatin da biyar ya ce kada a saba wa majinyaci da shagwaɓa, a bar shi ya koyi haƙuri.

Mafi daɗi a wurinta shi ne shafi na hamsin, inda aka ce a riƙa karanta wa marar lafiya littattafai masu ƙarfafa gwiwa. Kullum da la'asar sai ta ɗauko littafinsa na biyu, ta gyara murya, ta karanta masa yadda ake burge shugaba a taro da yadda ake zaɓen takalmin zuwa ganawa. Mutumin da ko yatsan ƙafarsa ba ya iya motsawa!

"Auta, ya isa."

"Saura shafi huɗu, Yaya. Ai yanzu aka zo wurin daɗin."

Matar Yaya ta ja ta kicin ta ce a hankali, "Anya Auta, haka kika yi wa Inna?"

"Ni ban yi jinyar Inna ba, Anti. Duba littafi."

Matar ta sunkuyar da kai, don ita ma ta karanta shafin nan tun kafin a buga, ba ta kuma hana ba.

Akwai dai doka ɗaya da take ci wa Auta rai. A shafi na sha takwas Yaya ya rubuta cewa juya majinyaci sau uku a rana ya wadatar. Ta san inda ya samo wannan. A littattafanta, juyin da ya zo daidai da lokacin magani kaɗai take rubutawa, sau uku. Sauran kuwa alli take ja a bayan ƙofar ɗakin Inna, layi goma sha biyu kowace rana, duk bayan awa biyu, gari ya waye ta goge. Yaya bai taɓa ganin bayan ƙofar nan ba, don bai taɓa shiga ɗakin har ya rufe ta ba.

Kwana uku tana juya shi sau uku, yadda littafi ya ce. Duk awa biyu hannuwanta su yi mata ƙaiƙayi, ta danne su a cinya.

Rana ta huɗu da safe, tana goge masa jiki, ta ga wuri ja a ƙugunsa na dama, faɗin murfin kwalba. Ta danna da yatsa ta ɗaga. Jan bai gushe ba. Ta san abin da ke biyo bayan wannan in aka ƙara kwana biyu, ta gani a gadajen asibiti, ta ji warinsa. Kafin ta yi shawara da zuciyarta hannuwanta sun riga ta. Ta naɗe masa hannu a ƙirji, ta lanƙwasa gwiwa, ta kama zanin gado ta mirgina shi hagu a hankali, ta tokare bayansa da matashi, ta sa wani tsakanin gwiwoyinsa. Duk cikin numfashi uku.

Yaya ya yi wani dogon nishi na jin daɗi, har idonsa ya kawo ruwa.

Haushin kanta ya kama ta, ya haɗu da wancan tsohon haushin. Ta ciro madubi daga bango ta karkata shi yadda zai gani.

"Ka ga wannan? Shafinka na sha takwas ne. Inna shekara bakwai ba ta ga irinsa ba. Kai kwana uku."

Ya daɗe yana kallon madubin.

"Sau nawa ake yi?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Kai za a tambaya. Kai ka yi shekara bakwai a gefen gado."

"Auta."

"Mai aiki dai. Mai wanki da share-share."

Ya rufe ido. Matar Yaya na tsaye bakin ƙofa da kofi a hannu, ta kasa shiga ta kasa komawa.

"Ban taɓa juya ta ba," in ji shi. "Ko sau ɗaya. Tsoro nake ji in taɓa ta."

"Ƙara faɗa, Anti ba ta ji ba."

Ya ƙara faɗa, da karkataccen bakinsa, kalma ɗaya-ɗaya. Auta ta saurara har ƙarshe. Ta ji daɗi, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

Amma magana iska ce, ita kuwa a rubuce aka zalunce ta. Tun ranar da ta zo ta lura da kwalaye shida a ƙarƙashin matakala, ragowar littafin da bai sayu ba, ɗari-ɗari a kowanne. Ta jawo ɗaya har gaban gado, ta farke shi da almakashinta, ta ɗora masa faranti a ciki, ta buɗe kwafi ɗaya a kai, ta saƙa masa biro a hannun hagu.

"Likita ya ce ka riƙa motsa hannun nan. Shafi na sha takwas, ka soke sau uku, ka rubuta duk bayan awa biyu, kafin ka ruɓar da uwar wani. Shafi na arba'in da ɗaya, ka soke mai aiki, ka rubuta ƙanwata, ka sa sunana. Cikakke, ba Auta ba. Kwafi biyar kullum. Mai buga littafin kuma, Anti za ta riƙe maka waya ka gaya masa da bakinka."

Minti ashirin ya ɗauka yana rubuta sunan. Haruffan suka fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ta karɓa ta duba, yadda take duba ɗinkin da za a kai wa mai shi, ta hura tawadar, ta ajiye gefe.

"Saura ɗari biyar da casa'in da tara."

Daga ranar ta sa gishiri daidai yadda likita ya yarda, ta kunna rediyo, ta bar abokansa suka shigo. Ta sami bayan ƙofarsa ta fara jan layi da alli. Cikin mako guda jan wurin ya ɓace kamar ba a yi ba.

Ran da ya gama kwali na farko, yana rufe kwafin ƙarshe sai littafin ya buɗe a shafin baya, inda Inna take sa masa albarka a kan cinyarsa. Ya tsaya yana kallon wurin. Da kansa, ba wanda ya ce masa, ya ja layi ya soke sakin layin gaba ɗaya. Sannan ya ɗago.

"Auta, don Allah. Me ta ce? Da za ta cika, ta ambace ni?"

Auta na ninke tawul. Ta tuna da safiyar nan sarai, nauyin kan Inna a hannunta, da abin da ta faɗa, kalma huɗu. Ba ta taɓa rubuta su a littafin makaranta ba, shi ya sa bai samu ya ɗauka ba.

Ta duba agogo, ta ajiye tawul ɗin, ta kama zanin gado.

"Awa biyu ta cika, Yaya. Kawo hannunka."